Me ya sa manyan guguwa da ambaliya suka fi zuwa a ƙarshen damina?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Unguwar Rimi, nan Kaduna, ya rubuto ya ce: "Malam, duk shekara da zarar watan Satumba ya kama, sai labarai su cika da zancen mahaukaciyar guguwa a Amurka da Jafan. Mu ma a nan lokacin ne kogi ke shiga gidaje, iska na yaye rufin mutane. Dacewa ce kawai, ko akwai abin da ya haɗa su? Da ma can haka abin yake, ko a zamaninmu ne ya ɓaci? Na yi tambayar ne saboda ana yi mini tallan wani fili mai araha kusa da kogi."

Amsa: Ba dacewa ba ce, ɗan'uwa, kuma ba yau aka fara ba. Da yawa daga cikin guguwar da ke faɗa wa Amurka da tsibiran Karebiyan a nahiyarmu aka haife su, wasu ma ta kanmu suka wuce suna hadari kafin su kai teku. Amma abin da ya fi shafar filin da ake yi maka talla shi ne, watan Satumba yakan tarar da komai a cike. Teku ya gama ɗaukar zafi, ƙasa ta sha ta ƙoshi, koguna da madatsun ruwa sun kai wuya. Abin da zai wuce salin-alin a Yuni, in ya zo a Satumba sai ya zama labari.

Duk wanda ya daɗe a Kaduna ya san hadarin da ake shakka daga gabas yake haɗowa. A wuni ana zufa, ko ganye ba ya motsi, can wajen la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin ɗigon farko sai wata iska mai sanyi ta iso da ƙura da ledoji, masu tebur a bakin titi na ta tattara kaya, sannan ruwa ya tsuge da tsawa. Amma danshin da ya zama wannan ruwan daga kudu maso yamma ya zo, daga tekun da ke gaban Legas. Iska biyu ce ke rabon shekara a ƙasar nan, mai danshi daga teku, da busasshiya daga Sahara wadda muke sha da hunturu. Inda suka haɗu, mai danshin kan kutsa ta ƙasa, busasshiyar ta hau kanta. Wannan mahaɗa tana matsawa arewa tun daga bazara, a Agusta ta kai cikin hamada arewa da Agadas, daga nan ta juyo. A sama kuwa, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai gudu da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma duk damina. Ita ke jan hadarin, shi ya sa kake ganinsa yana tahowa daga gabas.

Lokacin marka danshi ya yi kauri har sama, gajimare ya rufe rana, ruwa ya yi ta zuba a hankali ba wata iska. A farkon damina da ƙarshenta ne busasshiyar iskar ke kusa, rana kuma ta samu sararin gasa ƙasa. Ruwan da ke saukowa ta cikin busasshiyar iska, wani sashensa kan ƙafe tun a hanya, ya sanyaya iskar da ke kewaye da shi, ta yi nauyi, ta rikito ƙasa ta bazu a gaban hadarin. Ita ke ɗage kwano, ta kwantar da masara da dawa. Iskar Mayu ma ba ta da wasa, wani lokaci ta fi ta Satumba ƙarfi. Sai dai a Mayu saiwar bishiya na cikin ƙasa mai tauri, a Satumba kuwa cikin laka take, katangar ƙasa ta jiƙe har gindi, amfanin gona ya yi tsawo ya ɗauki kai mai nauyi.

To ina hadarin ke zuwa in ya wuce mu? Shi kansa gungun gajimaren ba ya daɗewa, yakan mutu wani ya tashi a gabansa. Amma iskar saman nan ba a miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi, kuma kowace lanƙwasa tafe take da ayarin hadarinta. Suna farowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Cadi, arewacin Najeriya da Nijar, Burkina Faso da Mali, su faɗa Tekun Atlantika ta gaɓar Sanagal da Gini. Duk kwana 3 zuwa 5 ɗaya kan wuce, kimanin 60 a shekara. Akasarinsu a kan teku suke watsewa, ba mai jin labarinsu. 'Yan kaɗan ne ke tarar da abin da suke bukata: ruwan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 da rabi, da iskar sama wadda ba ta saɓa da ta ƙasa sosai ba, don kada ta sare kan gajimaren. In an samu haka, tururin da ke tashi daga teku ya zama gajimare ya saki zafi, zafin ya ƙara jawo iska daga gefe, juyawar duniya ta murɗa iskar, abin ya fara kewayawa yana ciyar da kansa. Da gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa, an samu mahaukaciyar guguwa. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na mafiya ƙarfi a Atlantika daga nan Afirka suke samo asali.

Dalilin Satumba kuwa, ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin saki. Rana ta fi tsayawa a kan arewacin duniya a Yuni, amma teku sai ƙarshen Agusta zuwa Satumba yake kai maƙurar ɗuminsa. Ƙurar Sahara da ke tsallaka teku a Yuni da Yuli tana busar da gajimare, ita ma ta ragu a lokacin, ga daminarmu ta kankama, hadari na fita da ƙarfinsa. A hukumance lokacin guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, amma in aka tara bayanan shekaru masu yawa, ranar da ta fi kowace cunkoso ita ce 10 ga Satumba.

Ka ɗauki ta 1928. Ranar 6 ga Satumba aka fara ganin alamarta a teku daura da Dakar. Babu tauraron ɗan'adam a lokacin, sai abin da jiragen ruwa suka ci karo da shi suka aiko. Ranar 12 ta faɗa wa tsibirin Guadeloupe, washegari Puerto Rico, daren 16 ta shiga jihar Fulorida ta Amurka. Garuruwan bakin teku sun sha ɓarna, amma ba a can aka yi babbar asarar rayuka ba. A cikin ƙasa akwai wani babban tafki marar zurfi, Okeechobee, wanda aka janye ruwan fadamar da ke kudancinsa aka mai da ita gonaki, aka kare ta da ɗan gajeren shingen ƙasa. Iska ta tura ruwan tafkin gefe ɗaya, ya haye shingen cikin dare, ya malale gonakin da mutanen da ke kwana a cikinsu. Aƙalla mutum 2,500 suka mutu, mafi yawansu baƙaƙen fata 'yan ƙwadagon gona, da yawa an binne su a rami ɗaya ba a ko rubuta sunayensu ba. Na tsaya a kan wannan ne domin makwancinsu ne ya ja musu: fadama ce da aka janye wa ruwa aka zauna a ciki.

Wadda ta fi ta muni ita ce ta Galveston, ranar 8 ga Satumban 1900. Gari ne mai arziki a kan wani tsibiri a gaɓar Texas, mutanensa wajen 37,000, kuma tudun da ya fi ko'ina tsawo a cikinsa bai kai mita 3 daga fuskar teku ba. Shekara 9 kafin nan, jami'in hasashen yanayi na garin, Isaac Cline, ya rubuta a jarida cewa guguwa ba za ta iya yi wa garin wata mummunar illa ba. Da wannan ta ratsa Kuba, masanan can sun ce yamma za ta ci gaba da yi, hukumar Amurka kuwa ta ce za ta karkata ta nufi Fulorida. Teku ya tumbatsa ya hau da fiye da mita 4 da rabi, ya rufe tsibirin baki ɗaya. An ƙiyasta mamata tsakanin 6,000 da 12,000, har da matar Cline ɗin, kuma har yau Amurka ba ta ga bala'in yanayi da ya ci rayuka kamarsa ba. Waɗanda suka tsira sun gina katanga mai tsawon mita 5, suka ɗaga gine-gine sama da 2,000 da jak, suka ɗura yashi a ƙarƙashinsu, wato garin kansa suka ɗaga.

Sauran ba sai na tsawaita ba. Ta 21 ga Satumban 1938 da ta kashe sama da mutum 600 a arewa maso gabashin Amurka, Hugo a 1989, Irma da Maria a 2017, Dorian a 2019, duk a Satumba suka yi ɓarnarsu, duk kuma asalinsu daga gaɓar Afirka ne. Mafi kisa da aka sani a Atlantika ita ce ta Oktoban 1780, wadda ta hallaka sama da mutum 20,000 a Barbados da Martinique da maƙwabtansu.

Kada wannan ya sa ka zaci wata rana irinta za ta faɗo Kaduna. Da ruwan teku mai ɗumi take rayuwa, da ta hau tudu take fara mutuwa, mu kuwa ɗaruruwan kilomita ne tsakaninmu da teku. Ko Legas da Fatakwal sun kuɓuta, saboda sun yi kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, inda juyawar duniya ba ta da ƙarfin murɗa iska, ga shi kuma ayarin yamma yake yi, baya ya ba mu.

Na Jafan ba danginmu ba ne, a Tekun Fasifik ake haifarsu, amma dalilin lokacin ɗaya ne, wato ɗumin teku. Wadda ba su manta ba ita ce ta daren 26 ga Satumban 1959. Ruwan teku ya hau kusan mita 4 a tashar jiragen ruwa ta Nagoya, ya karya shingaye, ya kwashi manyan gumagumai daga wuraren ajiyar katako ya riƙa rushe gidajen kwari da su. Mamata da waɗanda suka ɓace sun haura 5,000. A 1961 Jafan ta kafa babbar dokarta ta tunkarar bala'o'i, kuma tun daga lokacin babu guguwar da ta sake cin ko kusa da wannan adadi a ƙasar, alhali ba su daina zuwa ba.

Ka lura da abin da ke maimaituwa a duk labaran nan. Iska ce ke yin suna, amma ruwa ne ke kisa. Wani bincike kan mutanen da irin wannan guguwa ta kashe kai tsaye a Amurka tsakanin 1963 da 2012 ya nuna kusan 9 cikin 10 ruwa ne ya ci su.

Wannan ɓangaren kuwa ba ya bukatar teku, shi ne namu. Randar da ta cika, ko moɗa ɗaya ka ƙara zubewa za ta yi. Ruwan farkon damina ƙasa ke shanye mafi yawansa. Zuwa ƙarshen Agusta ta ƙoshi, rijiyoyi sun kawo, duk abin da ya sauko sai ya bi kwata ya nufi rafi, rafi ya kai kogi. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai murabba'in mita 465, don haka ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a dare ɗaya a Kaduna, lita 23,000 ne a kan fuloti ɗaya tak. Ranar 1 ga Satumban 2009 Wagadugu ta samu milimita 263 cikin kimanin rabin yini, kusan sulusin abin da take samu a shekara. Sai da aka kwashe marasa lafiya daga sassan babban asibitin birnin, mutane sama da 100,000 suka rasa matsuguni.

Kogin Kaduna daga tsaunukan Filato yake tasowa, kusa da Jos, ya karɓi Galma da ta biyo ta Zariya da sauran rafuka kafin ya ratsa tsakiyar gari. Mu da muka yi aikin auna kogi mun san abin da ke ruɗa mutane: ana iya kwana biyu ba a ga ɗigo a Kaduna ba, rana tar, amma kogi na ta hawa, saboda ruwan da ke tafe an yi shi ne a Filato da Lere da Kauru da Soba. Hadarin ƙasa ke nan, maganin mai kabido. A ambaliyar ƙarshen daminar 2003, da ta Satumban 2012, da ta Satumban 2015, sunayen da aka riƙa ji kusan ɗaya ne: Kigo Road, Kabala, gangaren Unguwar Rimi, Rafin Guza, Bashama Road, Nasarawa, sassan Barnawa. Ba rashin sa'a ke bin wuraren nan ba, hanyar kogi ce in ya cika.

Akwai maganar da nake yawan ji a majalisa da zarar kogi ya kawo, wai Kamaru ce ta saki ruwa. Madatsar Lagdo a kan Binuwai take, ruwanta ta Yola da Makurdi yake bi ya haɗu da Neja a Lokoja, ko ɗigonsa ba ya zuwa Kaduna. Madatsun Shiroro da Zungeru kuma sai kogin ya wuce mu yake isa gare su, abin da suka saki mutanen Jihar Neja yake sauka wa. Hasali ma mu ke aika wa wasu, don Kogin Kaduna a Neja yake ƙarewa, daura da Pategi, ya ƙara wa Lokoja nauyi. A can ne Lagdo ke da hannu. A 2012 hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙidaya mutum 363 da suka mutu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 an fara sakin ruwan Lagdo ranar 13 ga Satumba, kafin Oktoba ya ƙare mamata a faɗin ƙasa sun haura 600. Ko a waɗannan shekarun ma, ƙari Lagdo ta yi a kan kogunan da ruwan sama ya riga ya cika.

Madatsun ruwa su suka fi ba ni tsoro a wannan wata. Mai kula da dam yana son ya shiga rani da ruwa a cike, don noman rani da famfo da lantarki, saboda haka a Satumba ba shi da sauran wurin ajiye ruwan da ya zo bagatatan. Ko dai ya buɗe ƙofofi, mutanen da ke ƙasan dam ɗin su sha, ko ya riƙe ya jefa ginin cikin haɗari. Bagauda ta Kano ta fashe a Agustan 1988. A Satumban 2010 ruwan da ya biyo ta Goronyo ya malale ƙauyuka, ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Alau ta cika Maiduguri da ruwa a Satumban 1994, ta sake a daren wayewar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya shiga Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa, gidan yari da gidan namun daji. Shekara guda kafin nan, a daren 10 wayewar 11 ga Satumban 2023, guguwar Daniel da ta sha ɗumin Bahar Rum ta zubar da sama da milimita 400 a garin Baida na gabashin Libiya, madatsu biyu da ke saman Darna suka karye, ruwa ya share unguwanni sukutum ya zuba su a teku. Gawarwakin da aka tabbatar sun haura 4,000, ban da dubban da ba a gani ba. Tun a 2022 wani masanin ruwa ɗan ƙasar ya wallafa gargaɗi cewa madatsun na bukatar gyara.

Sai tambayarka ta biyu. Abin ya girmi kakanninmu, amma akwai abin da ya canja a sama, akwai kuma wanda ya canja a ƙasa. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi tana iya riƙe ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100, abin da ta riƙe kuma sai ta sauke. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa mafiya tsananin hadarin yankin Sahel sun ninka sau uku. Ba jimillar ruwan shekara ce ta ninka haka ba, zubarsa ce ta koma ta lokaci guda.

Na ƙasan, a ganina, shi ya fi nauyi a Kaduna. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1980 yankinmu ya shiga dogon fari, wanda ya yi tsanani a 1972 zuwa 1974 da kuma 1983 zuwa 1984. Abin sha'awa, a waɗannan shekarun manyan guguwar Atlantika ma sun ragu, har masani William Gray ya nuna a 1990 cewa yawansu na tafiya da yawan ruwan yammacin Sahel. A daidai wannan zamani ne Kaduna ta yi ta buɗewa, masaƙu na aiki a Kakuri, an buɗe kamfanin Peugeot a 1975, matatar mai a 1980, jama'a na ta kwararowa. Wanda ya zo a lokacin ya ga fadama a bushe shekara da shekaru, ya ɗauka tudu ce. Aka yanka, aka sayar, aka gina. Da ruwa ya dawo daga shekarun 1990, ya tarar da gidaje a makwancinsa. Ƙara da siminti da intalok da suka rufe tsakar gidaje, da kwatocin da shara ta toshe, da masu cike bakin kogi da ƙasa suna matse shi. Ruwan da a da zai bazu a fadama ya kwana ya wuce, yanzu hawa yake yi.

Game da filin, kada ka biya ko kwabo sai ka gan shi a tsakiyar Satumba, bayan an kwana ana ruwa. Dillalai da rani suke son kai mutum. Ka tambayi waɗanda kogin ne abincinsu, masu haƙar yashi, masunta, masu lambu, su nuna maka inda ruwa ya tsaya a 2003 da 2012 da 2015, don su ba su da filin da za su sayar maka. Ka duba gindin katangun maƙwabta, ruwa kan bar zane. Ka duba ƙasar ma: baƙar laka mai tsagewa da rani, ko lallausan yashi a shimfiɗe, kogi ne ya ajiye su. Ka je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, ka tabbatar da takardu, ka tambayi KASUPDA, hukumar tsara birane, ko wurin na cikin tazarar da aka hana gini a bakin kogi, don wanda ruwa ya bari, rusau na iya samunsa.

In aka ce maka ai ruwa ba ya zuwa nan sai sau ɗaya a shekara 20, ka yi lissafi. Abin nufi, a kowace damina akwai yiwuwar kashi 5 cikin 100. Yana iya zuwa bana ya dawo baɗi. Gidan da za ka yi shekara 30 a cikinsa, yiwuwar ruwan ya shige shi aƙalla sau ɗaya ta kusa kashi 80 cikin 100. Ko ambaliyar da ake cewa ta shekara 100 ce, a cikin shekara 30 ɗin yiwuwarta kashi 26 ce. Cike filin da ƙasa da ɗaga harsashi na iya tsare ɗakinka, amma ba za su tsare hanyar shiga da rijiya da masai ba, ruwan da ka kora kuma gidan maƙwabci zai faɗa.

Waɗanda suka riga suka zauna a irin wuraren su sani iskar hadari minti kaɗan take bayarwa, don haka aikinta tun kafin damina ake yi: a ɗaure rufi da jikin gini, a canja ruɓaɓɓen katako, a rage rassan da suka hau kan ɗaki. Kogi kuwa yakan ba da sa'o'i. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, na fitar da hasashen kwana uku, hukumar lura da koguna, NIHSA, na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya tun kafin damina ta kankama, amma a haɗa da sanda da aka kafa a bakin ruwa aka yi mata zane, wani ya riƙa dubawa da magariba da tsakar dare, don Okeechobee da Nagoya da Darna da Maiduguri duk cikin duhu ruwa ya same su. Kada kuma a raina ruwa mai gudu. Mai zurfin santimita 15 na iya kayar da babban mutum, mai 30 ya ɗaga ƙaramar mota.

Ruwan sama kan ɗauke a Kaduna cikin Oktoba, amma wanda ya riga ya shiga kogi yana kan hanya. Lokoja daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba take kai ƙarshen cikarta, Bayelsa ma sai bayan nan. A 2012 da 2022 ruwa ya hau titin Abuja zuwa Lokoja, a karo na biyun a wajen Kotonkarfe, manyan motoci da tankokin mai suka yi kwanaki a tsaye, har layin mai ya dawo Abuja da kewaye. In kana da kayan da za su bi ta can a waɗannan makonni, ka kira direbobin da suka taso daga Lokoja a ranar kafin ka yi lodi.